Har Bayan Dungas Don Inna Ta Sha Fura

Tun da na dawo daga Nijar bakina bai huta ba. In na je majalisa a tambaye ni, in na fito daga masallaci a tare ni, har mai kayan miyan bakin layinmu sai da ya ce, "Malam Buba, wai da gaske tsohuwa ka je ka ɗauko?" Wasu kuma sun lura cewa yanzu da an sauke tukunya a gidana sai in ja tabarma in koma bayan zana kamar wanda aka yi wa horo, suna son jin dalili. Na gaji da maimaitawa, ga shi duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta.

Mu Fulani ne, rugarmu tana yamma da Sule Tankarkar. Aikin gwamnati ne ya kawo ni Gumel, na yi malamin dabbobi har na ajiye aiki. Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma duk wanda ya san Fulani ya san abin da hakan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" nake, in an matsa ta ce "yayan su Adama". Ba ta kallon idona, ba ta zama tabarma ɗaya da ni. Ban taɓa riƙe ta da wannan ba, haka na tashi na ga ana yi.

Bayan rasuwar Baba ne Inna ta fara mantuwa. Ta sa gishiri a miya ta sake sawa, ta tambayi mutanen da suka daɗe a ƙasa, ta tashi da la'asar ta ce za ta ɗaure maruƙa. Da abin ya yi yawa na ɗauko ta na kawo ta gidana. Ranar da ta iso na kira matata Rabi na ce, "Wanka da wanki naki ne, amma abincin Inna ni zan riƙa ba ta da hannuna." Gaskiyar magana, na daɗe ina jiran ranar da zan zauna kusa da uwata ba tare da ta tashi ba.

Sai ta ƙi ci. Da na shigo da kwano sai ta sauko daga gado ta durƙusa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa bango. In kai cokali bakinta, ta datse haƙora. Na yi lallashi, na yi roƙo, wata rana har na ɗaga murya, Allah ya yafe mini. In na ba Rabi kwanon kuma, sai in tsaya a bakin ƙofa ina ba da umarni, don ni mutum ne da ba ya yarda an yi abu daidai sai yana wurin. Rabi ta sha tsintar ɓarɓashin ƙanzo a ƙarƙashin matashin Inna, muka rasa gane wanda ya ƙi tuwo da miya amma yake ɓoye ƙanzo. Dangi suka ce aljanu ne, wasu suka ce sammu. Ni da na iya sa saniyar da ta kwanta ta tashi ta ci dusa, ga uwata tana ƙarewa a gabana. Akwai wani awarwaron azurfa da ke hannunta tun kafin a haife ni, wanda ko da sabulu ba ya fita. Wata safiya ta sauke hannu, ya zame da kansa ya faɗi ƙasa. Ranar na kai ta asibiti.

Likitan ya duba haƙori, ya duba maƙogwaro, ya duba ciki, bai sami abin da zai hana ta ci ba. Ya ce abin da muke kira gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba hauka ba ne, ba kuma aikin wani ba ne. Ba a warkar da shi, amma ana iya zama da shi lafiya in an san kansa. Sannan ya faɗi abin da ya tayar mini da hankali.

"Baba, in ta ci gaba a haka dole mu kwantar da ita mu sa mata roba ta hanci. Irinsu kuma fizge ta suke yi, sai an ɗaure musu hannu. Ba na so mu kai nan."

Ya ce akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya a Gagarawa, Hajiya Uwani, wadda ta yi jinyar mijinta da irin wannan ciwo har ya rasu, yanzu masu jinya suna taruwa a gidanta suna koya wa juna. Na ce a raina, ni da furfurata za a tura ni makaranta. Amma da na tuna hannun Inna a ɗaure da gado, washegari da sassafe ina tasha.

Lokacin kaka ne, mota duk ta zama ta buhu, mutum kuwa sai inda ya samu. Na sa farar shadda don kada a raina ni. Direba ya cusa ni a baya, ya jingina ni da buhunan zoɓo, ga zafi, ga gumi. Da muka sauka a Gagarawa sai na ji wata mata ta ƙwalla salati a bayana, mutane suka yo kaina suna tambaya ko 'yan fashi ne. Ashe bayan rigata ya rine jawur tun daga wuya har ƙugu. A haka na yi sallama a gidan Hajiya Uwani, mutunci ya ragu.

A zaurenta na tarar da mutane zaune, maza gefe, mata gefe, kowa da nasa tsohon a gida. Wani manomin riɗi yana ba da labarin babansa da ke tashi kullum ya saɓa fartanya zai tafi gonar da aka daɗe da rabawa. Ya ce da can rufe ƙofa yake yi, su yi ta kokawa, yanzu kuwa ya ware masa kunya biyu a bayan gida, tsoho ya yi nomansa ya gaji ya kwanta. Wata kuma surukarta ce ke cewa ta sace mata zani, ta ce ta daina rantsuwa, sai dai ta ce "mu nema tare". Abin da ya ba ni mamaki shi ne dariyar da suke yi. Da farko na ji haushi, na ce waɗannan ba su san ciwo ba. Kafin a jima na ji ni ma ina yi, kuma rabona da dariya tun ranar da Inna ta shigo gidana.

Da aka zo kaina na zayyana komai. Hajiya Uwani, wata gajeriyar mace mai tabarau a kan hanci, ta saurara har na gama.

"Malam, jikinta ne kawai a Gumel," ta ce. "Ita tana can wata shekara da ta wuce. Ba za ka iya jawo ta nan ba, kai ne za ka je ka same ta can. Kada ka yi gardama da ita. In ta tambayi mamaci kada ka ce ya mutu, sabon zaman makoki za ka sa ta. Ka ba ta abin da ta saba ci tana yarinya, a cikin abin da ta saba ci. Yanzu in tambaye ka, wa ya rage a duniya da ya san ta tana amarya?"

Na ce, "Hajiya, ni fa ɗanta ne. Wa zai fi ni saninta?"

"Kai ka san ta tana uwa," ta ce. "Wadda ke ɗaure maruƙa da la'asar ba ka taɓa haɗuwa da ita ba."

Ta ƙara da cewa matata ma mutum ce, in ba a ba ta hutu ba majinyata biyu zan tashi da su. Ta sa aka kawo mini ɗanwake da mai da yaji, na ci ina jin haushin gaskiyar da ta faɗa. Kafin in bar garin na kira Rabi na ce ta ajiye faranti da cokali, ta dama fura a ƙwarya, ta nemo ludayin duma. Na biyo ta Gumel na sauya mota a tasha, ko gida ban leƙa ba don kada rana ta ƙwace mini, na nufi Sule Tankarkar. Ina hanya Rabi ta kira ta ce Inna ta ɗan sha. Na gyara zama a mota, na ce wa na kusa da ni ai ilimi ba ƙarya ba ne.

Rugarmu ta tsuke, gonaki sun cinye burtali, tsamiyar kakana Baffa Gidado ce kaɗai ke inda na san ta. Shi kakan nawa ya rasu ina goye, kuma bai yarda da hoto ba, don haka a cikinmu babu wanda ya san kamanninsa, labarin kwarjininsa kawai muke ji. Ɗan'uwana Ori ne ya sauke ni. Kafin in sha ruwa an jawo mini saniya mai ɗingishi, kafin in gama da ita an kawo ɗan maraƙi mai zawo. Malamin dabbobi ba ya ritaya a ruga. Sai da aka kawo tuwon gero da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai, na sami damar faɗin abin da ya kawo ni.

Muka yi ta lissafa sa'o'in Inna, duk wadda aka ambata sai a ce Allah ya ji ƙanta. Can matar Ori ta yi magana daga bayan bukka ta ce, "Goggo Dudu fa?" Ita Goggo Dudu matar ƙanen Baba ce, shekara guda aka kawo su rugar ita da Inna, rijiya ɗaya, turmi ɗaya. Bayan mijinta ya rasu ta bi ɗanta Sambo zuwa Nijar, can bayan Dungas. Babu mai lambarsu. Ori ya ce in je Maigatari ranar kasuwa, ba za a rasa wanda ya san Sambo ba. Matarsa ta wanke mini shaddar, jan ya koma ruwan hoda, ya fi na da muni. Sai Ori ya ara mini wata tsohuwar riga mai ruwan ƙasa da sanda.

Na isa Maigatari ranar Laraba da yamma, jajibirin kasuwa. Garin ya cika maƙil da shanu da raƙuma da manyan motoci, Hausar Kano da ta Damagaram suna karo a kowace rumfa. Na sauka gidan wani mai masaukin fatake da Ori ya kwatanta mini. Ɗaki ɗaya aka haɗa ni da 'yan Nijar masu raguna, mutanen kirki, amma akwai wani dogo a cikinsu da ban taɓa jin minshari irin nasa ba, har da safe kunnena yana amsawa. Da gari ya waye mai masaukin ya riƙe hannuna muka shiga kara, yana tsayar da duk mai rawani yana tambaya. Sambo bai zo kasuwa ba wannan makon, amma aka samo wani mai babur, su kabu-kabu suke ce masa, sunansa Lawali, ya ce ya san rugar kamar ɗakin uwarsa. Na sayi goro da sukari da turmin atamfa, na sayi malafa saboda rana.

A kan iyaka namu suka duba katina suka ce Allah ya kiyaye. A wancan gefen wani jandarma ya juya katin, ya dube ni tun daga malafa har takalmi.

"Tsoho, mi za ka yi cikin ƙasarmu? Biki ko kasuwa?"

"Ƙawar mahaifiyata zan je ɗaukowa."

Ya kwashe da dariya, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji. Ya ce ya ga masu zuwa neman raƙumi, ya ga masu zuwa neman aure, bai taɓa ganin mai neman ƙawar uwarsa ba. Da na yi masa bayani sai dariyar ta tsaya. Ya miƙo mini katin da hannu biyu, ya rage murya ya ce, "Kakata na nan Damagaram, ita ma hakanan take. Takalman mutanen gida duka take kwashewa ta ɓoye. In ka samo dabara, don Allah ka biyo ta nan ka hwaɗa mini."

Ƙasa ɗaya ce da tamu, gero ɗaya, kalgo ɗaya, amma da ka tsallaka sai ka ji ka zama baƙo. Burodinsu dogo ne siriri, mai tauri, da za ka iya kora akuya da shi. Shayinsu kuwa ba irin namu ba ne da za ka shanye a tsaye ka wuce. A Dungas Lawali ya ce mu ɗan tsaya gun abokinsa, aka ɗora 'yar buta a gawayi. Na sha na fari, ɗaci kamar maɗaci, na miƙe na ce mu tafi. Duk suka zuba mini ido kamar na zagi wani. Ashe sai an sha na biyu da na uku, wanda ya tashi kafin nan ya raina mai gida. Na koma na zauna ina tafasa fiye da butar. Da suka ji aikina suka koma kirana lokotoro, wato likita, kuma ba sai na faɗa ba, kafin na uku ya nuna an jawo mini jaki mai ƙurji. Amma dambunsu da zogale, da wani busasshen cuku da suka ba ni guzuri, waɗannan kam na yarda sun fi mu.

Daga Dungas babu kwalta, rairayi ne zalla. Lawali yana tuƙi yana ba ni labari da hannu biyu. Muka shiga wani kwari, babur ya ce ba ya yi, na tsinci kaina a kwance, ƙafa a sama, goro ya watse. Lawali ya ce, "Ba komi, lokotoro, nan kowa na hwaɗuwa." Na ce da ya gaya mini tun farko ai da na sauka da kaina. Muka tsince goro muna hure masa ƙasa.

Rana ta karkata muka isa. Sambo ya tare mu, ya nuna mini wata tsohuwa siririya a gindin aduwa, ta tasa ƙwaryar fura tana sha. Na gyara malafa, na dogara sanda, na yi gyaran murya kafin in yi sallama.

Tsohuwar ta ɗago. Nan take ta saki ludayi, ta ja faifai ta rufe ƙwaryar, ta zame daga kan turmin da take zaune ta durƙusa, ta ja mayafi ta juya fuska gefe. Wannan durƙuson na san shi, wannan juya fuskar na san ta, kullum ita nake gani a ɗakin Inna.

Sambo ya ce, "Inna, lafiya? Baƙo ne daga Najeriya. Ɗan ƙawarki Hajo ne."

Ta ɗaga gefen mayafin ta leƙo da ido ɗaya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Buba? Kai ne ka tsufa haka? Wallahi na ɗauka Baffa Gidado ne ya taso. Gemun, tsawon, hancin, har wannan gyaran muryar. Kai yaro, ka kusa kashe ni."

Ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa na kasa. Na zauna a ƙasa na gaya mata halin da ƙawarta take ciki. Na ce ta ƙi ci, ko ni da kaina na ba ta a baki sai ta datse haƙora.

"Kai kake ba ta? A baki?"

"Ni, Goggo. Kullum."

Ta tafa hannu ta riƙe haɓa. "Suruki da cokali a hannu! Buba, ai gara ta mutu. Duk zamanmu a rugar nan, Baffa bai taɓa ganin bakinmu yana motsi ba. Akwai ranar da ya shigo Hajo ta jefa gasasshen dankali a baki, da zafinsa. Ta riƙe shi a haka har ya gama maganarsa ya fita, harshenta ya saluɓe, ba ta tauna ba. Ƙanzo muke ɓoyewa ƙarƙashin tabarma, in ya tafi kasuwa mu ci."

Ƙanzo a ƙarƙashin matashi. Furar da ta sha ranar da na bar gida, wadda na ɗauka ilimina ne. Duk wannan lokaci mun ɗauka kunyar ɗan fari ce da muka saba gani, ashe Inna ta koma amarya, ni kuma furfura ta mai da ni uban mijinta. Tana jin yunwa, abinci yana gabanta, ni ne na tsare ƙofa. Na yi kuka a gaban Sambo da Lawali, ban ji kunya ba. Amma a ƙarƙashin kukan akwai wani farin ciki da ban san yadda zan kwatanta ba, don na gane uwata ba ƙina take yi ba, girmama ni take yi har tana neman rasa ranta.

Na ce to zan aske gemun. Goggo ta ce, "Ka aske gemu, hancin fa? Wa zai aske maka shi?"

Na roƙe ta ta biyo ni. Sambo ya fara kawo uzuri, ga nisa, ga tsufa, ga ƙafarta. Goggo ta dube shi ta ce, "Wa ya tambaye ka?" Da safe ta riga kowa shiri. Ta ɗaure ƙwaryarta da faifai da ludayi, har da geronta, wai na Najeriya ba ya ƙamshi. Babur kam ta ce ko gawarta ba za ta hau ba, sai a amalanken shanu muka kai Dungas, ni da ita da buhu, sannan muka sami mota. A kan iyaka na nemi jandarman nan na faɗa masa abin da na koyo a Gagarawa da abin da na gano a ruga. Na ce kada su yi faɗa da kakarsu a kan takalma, su tambayi tsofaffin gidan abin da take yi da takalma tana yarinya. Ya sara wa Goggo kamar wata babbar hafsa, ita kuma ta ba shi goro ɗaya, ta ce ya rage tsawon gashin baki.

Da muka iso Gumel na fara koya wa Goggo dokokin Hajiya Uwani, kada ta ce "kin gane ni", kada ta yi gardama. Ta ce in rufe mata baki, ta san Hajo tun ban zo duniya ba. Ta sa aka kafa zana a kusurwar tsakar gida, ta sa aka shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar dalbejiya, ta nuna mini bayan zanar ta ce, "Nan ne wurinka. In ka yi tari, sai na saɓa maka."

Ta tsakanin karan zana nake leƙe. Rabi ta fito da Inna a hankali ta zaunar da ita. Goggo ba ta ko gaishe ta ba. Ta zauna ta fara dama fura tana mita da Fulatanci, wai maruƙa sun tsinke igiya, wai rijiya ta yi ƙasa, kamar jiya suka rabu. Inna tana kallon hannunta. Can Goggo ta waiga hagu da dama, ta rage murya ta ce, "Baffa ya tafi kasuwa, sai yamma. Matso."

Inna ta dubi ƙofa. Ta saki mayafin. Ta matso.

Na yi shekaru ina jin kiɗa iri-iri a bukukuwa, ban taɓa jin abin da ya kai ƙarar ludayin nan a cikin ƙwarya daɗi ba. Rabi ta tsaya a bakin madafa ta toshe baki da zani. Sai da suka ga ƙasan ƙwaryar, Inna ta ce a ƙara.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, ciwon yana nan. Har gobe tana neman maruƙa, wata rana ba ta gane Rabi. Amma an mayar da awarwaro hannunta, kuma ya zauna. Da muka koma asibiti likita ya dube ta ya ce maganar roba ta wuce, ya sa na ba shi labarin tun daga zoɓo har amalanke, ya ce zai riƙa tambayar masu jinya wa ke zama a wurin in ana cin abinci. Na koma zauren Gagarawa na ba da nawa darasin, wannan karon da baƙar riga. Ƙanwata Adama tana zuwa ta karɓi Rabi ta huta, Goggo kuma tana koya musu abin da za su riƙa faɗa in ta koma gida.

Ni kuwa na karɓi sarautata. Tunda suruki aka naɗa ni, surukin kirki nake yi. Ina gyaran murya tun daga zaure, in gaisa daga nesa, in wuce. Har amfani abin ya yi, don in ta ƙi magani sai Rabi ta ce, "Baffa ne ya aiko, ya ce a sha," sai ta karɓa da hannu biyu. Wani lokaci abin yakan taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Na so in zauna kusa da ita, ga shi an ƙara matsar da ni.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ina bayan zana kamar kullum, suna shan fura. Sai na ji ludayi ya tsaya. Goggo ta ce, "Shanye mana, saura kaɗan."

Inna ta ce, "A'a. A rage wa Buba."

Na kasa kunne. Goggo, don tsokana, ta ce, "Ke Hajo, ba ki da kunya? Ɗan fari kike kama wa suna?"

"Ai ba kowa, daga ni sai ke," in ji Inna. "Yaron nan ba ya son cin abinci, sai an bi shi ana lallashi. Ki rufe masa, kada ƙuda ya faɗa."

Na haura hamsin da yawa, ranar na fara jin yadda sunana yake a bakin uwata. Jim kaɗan Rabi ta zagayo bayan zanar da ƙwaryar a rufe da faifai, ta ajiye a gabana. Na buɗe. Ba ta fi ludayi uku ba. Na ɗaga ƙwaryar da hannu biyu na shanye tas, ba sai an lallashe ni ba.